Zabuwa

A bayan gidanmu na Sura Bildi,
ƙarƙashin bedi,
shekara talatin da ɗaya tana kwance kan bulo huɗu.
Kaji sun yi ƙwai a kujerar direba,
akuya ta cinye wayoyin fitila,
ruwan damina ya kwanta inda ƙafa kan taka birki.

Tankari mai walda, ubana, shi ya ƙera ta.
Da can Fijo ce ta wani dillalin gyaɗa
da ta wuntsila a hanyar Dakwaro.
Ya sayi gawar jika tara,
ya yanke rufin da zarto, kwana uku yana ciza leɓe,
ya sauke ta ƙasa har cikinta na shafar ciyawa.
A kalandar wani kanti ya ga hoton motar tsere,
sau ɗaya, ta bayan gilashi,
ya dawo gida da ita a ka.
Gangar mai shida ya fasa ya shimfiɗa,
ya yi ta duka kan kututturen gawo
har ƙarfe ya gaji da gardama.
Tabon guduma ya bi jikinta ɗigo-ɗigo,
yaran unguwa suka raɗa mata Zabuwa.

Kujera biyu rak.
Masu zaman bakin tasha suka ce:
motar da ba ta ɗaukar buhu, ina amfaninta?
Ya ce iska zai ɗauka.

Bana na janye ta daga inuwa.
Kowane kusa sai da na roƙe shi da baƙin mai,
wani ya ji roƙo, wani ya karye a hannuna.
Karbireta na samo a Jibiya,
cikin kwandon wani tsoho mai sayar da kwaɗo da makulli.
Buji huɗu, Zandar.
Madubin hagu har yau ban samu ba.
Albashina na wata biyar ya shige cikinta
kamar ruwa a yashin Gulbi.

Da na kware fatar ƙofa
sai ga alli, bai goge ba:
lissafinsa, bakwai ɗinsa mai ƙugiya,
da wurin da ya yi kuskure ya soke.
Ƙofar dama ta fi ta hagu da yatsa biyu.
Ya sani.
Ya rubuta a gefe: gobe.

Na zauna a ƙasa, sufana a cinya,
har aka kira la'asar.

Sahabi mai fenti ya shafa ta da tafin hannu,
ya ce zai cike ramukan da mastik,
ta fito sumul kamar ƙwai.
Na ce a'a, malam.
Kowa ya ga zabuwa, da zanenta ya gan ta.
Ban gaji gona ba, ban gaji hoto ba,
wannan ne rubutun hannun tsohona,
guduma dubu nawa, kowace da nishinta.
Fesa ja a kai, bar min ramukan.

Ran Laraba muka tura ta, ni da ƙattai uku.
Ta yi tari.
Ta yi shiru.
Ta tofar da gashin kaza ta bututun hayaƙi,
sannan ta kama,
da wata irin murya mai kaushi, mai tsallake bugu ɗaya.

Inna Tasalla, da idonta ya daina gani tun bara waccan,
ta ajiye ƙwaryar da take tsince wake.
Ta ce, ku buɗe ƙofar gida,
haka take yi in ya kawo kwanar masallaci.

Na sa ta a kujerar da kaji suka bari,
ta ɗaure kallabi tamau.
Muka kama hanyar Madarumfa a giya ta biyu,
don ta uku ba ta shiga tukuna.
Amalanken shanu ya kusa wuce mu.
Ta ce, ƙara wuta.

Ƙofar dama na kaɗawa da yatsanta biyu.
Na bar ta. Gobe.